Ciwon Suga: A Kula da Ƙafa Tun Ba a Kai ga Yankewa Ba

Ranar 14 ga Nuwamba ce ranar ciwon suga ta duniya. Akan yi jawabai a watse, amma gyambon ƙafa, wanda ke tayar wa likitoci hankali, yana nan tare da mu a Birnin Kudu da Gwaram rani da damina.

Idan suga ya daɗe da yawa a jini, yakan kashe jijiyoyin ƙafa, ya toshe ƙananan hanyoyin jini. Aikinsa irin na gara ne a jikin azara: daga waje ɗaki lafiya lau, ya sha yaɓe, maigida na barci a ciki hankali kwance, alhali ta cinye cikin itacen tas, sai ranar da ruwan Agusta ya sauka rufin ya rufto. Manomi ya taka ƙaya ko kututturen dawa bai ji ba, sai uwargida ta ga jini a silifa. A barbaɗa toka, a kira wanzami ya yi sakiya, a ɗaure da tsumma. Sai ƙafa ta yi baƙi tana wari, sannan a ɗauki shatar mota zuwa Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, wai likita ya yi dabara. Wace dabara kuma ta rage? Wannan sakaci ne, kada a laƙa wa ƙaddara. Jiki amana ne, neman magani kuwa ba ya warware tawakkali.

Kai mai ciwon, kullum kana wanke ƙafarka wurin alwala. To, duba tafinta da tsakanin yatsu, ka tsane su, kada ka yi yawo ba takalmi.

Ku ma ma'aikatan asibiti akwai naku. Rubuta magani kaɗai bai isa ba, ku ce, "Baba, cire takalmi mu gani." Ƙananan asibitocin ƙauye su ajiye na'urar gwajin suga da tsinkenta. Wanda aka gwada kafin ya karya kumallo aka ga sugansa ya kai 126 mg/dL ko fiye, a sake gwada shi wata rana, a tura shi gaba. Allurar insulin zafi na lalata ta, a sama mata wuri mai sanyi.

Sauran an sani: a duba ido da ƙoda da hawan jini, a rage lemon kwalba, kada a bar magani don an ji sauƙi.

Jama'a, duk mai suga da ya ga rauni a ƙafarsa, komai ƙanƙantarsa, a kai shi asibiti a ranar.