Amsoshin Tambayoyinku: Hukuncin Kotun CEDEAO Yana Da Haƙora Kuwa?

Tambaya: Wani malamin makaranta daga birnin Tawa yana so ya san ko hukuncin kotun CEDEAO da ke Abuja yana hawa kan gwamnati dole, ko kuwa shawara ce kawai.

Amsa: Malam, ba sai mun je nesa ba, misalin yana nan cikin jiharku. A 1996 aka sayar da Hadijatou Mani, 'yar shekara 12, a yankin Ƙonni kan sefa 240,000, ta zama wahaya, wato baiwar da ubangida ke riƙewa kamar matarsa. Bayan an ba ta takardar 'yanci a 2005 ta auri wanda take so, sai aka ɗaure ta bisa zargin aure kan aure. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta tsaya mata, alƙalan CEDEAO suka zo suka zauna a Yamai, kuma ranar 27 ga Oktoba 2008 suka ce Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Ka lura da wanda aka kama da laifi: ƙasa, ba ubangidan ba. Wannan kotu gwamnatoci ake kai ƙararsu a gabanta idan an tauye haƙƙin ɗan Adam, kuma tun 2005 talaka na iya zuwa kai tsaye, ko bai gama zagaya kotunan gida ba. Sai dai ba ta soke hukuncin alƙalin Ƙonni ko na Tawa. Abin da take dubawa shi ne ko hukuma ta cika alkawarin da ta sa wa hannu.

Hukuncinta yankakke ne, babu ɗaukaka ƙara. Ba a sake buɗe shi sai in wata hujja mai nauyi da ba a sani ba ta fito daga baya. A takarda kuwa, wajibi ne a kan ƙasa ta bi shi.

To, amma fa kotun ba ta da ɗan sanda ko jandarma ko guda. Takardar zartarwa take aika wa ƙasar da ta sha kaye, ita kuma ta zartar a kan kanta. A ganina nan ne gizo ke saƙa. Gwamnatin Tandja ta biya Hadijatou, domin kuɗin ba su taɓa kujerar kowa ba. Amma da kotun ta ce a saki hamɓararren shugaban ƙasa Mohamed Bazoum a Disamba 2023, ba a saurare ta ba.

Tun 29 ga Janairu 2025 Nijar ta fice daga CEDEAO, don haka wannan ƙofa ta rufe ga mutumin Tawa. Abin da ya rage a hannu shi ne dokar gida ta 2003 da ta mai da bauta babban laifi, kuma da ita za a iya shigar da ƙara a kotun Tawa.