Haƙoran roba da ƙwayoyin cuta

Wani dattijo na Dakoro ya tafi Maraɗi, aka sa mishi haƙoran roba. Kullum yana dirje su da toka da rairayi don su yi fari. Ba a jima ba, ganɗarshi ta yi ja, cin tuwo ya gagara.

Likita ya duba, ya ce robar ta karce. Masu yin haƙoran, da hannu ko da inji, suna goge su sai sun yi sumul. In suka karce, sauran abinci ya maƙale, ƙwayoyin cuta su hayayyafa. Ido ba ya ganinsu.

Yanzu dattijon yana wanke su da sabulu da buroshi mai laushi. Da dare ya cire su, ya sa cikin ruwa mai tsabta, ba mai zafi ba, don zafi yana lanƙwasa roba.