Kada Ƙauna Ta Kwantar da Baba

Kowace shekara, ranar 29 ga Satumba, ana yin Ranar Zuciya ta Duniya, ma'aikatan lafiya su yi ta gargaɗi a kan hawan jini da gishiri. Gargaɗin nan gaskiya ne. Amma akwai wata ɓarna da ake yi a gidajenmu na ƙasar Wudil, daga Kausani har Utai da Darki da Indabo, wadda ba a cika faɗa ba, domin masu yin ta ba da mugunta suke yi ba. Dattijo ya kwanta ciwon zuciya, an kai shi Babban Asibitin Wudil, ko an wuce da shi Asibitin Malam Aminu Kano. Allah ya ba shi sauƙi, an sallame shi, likita ya ce ya riƙa tattaki. Ana isowa gida sai a shimfiɗa masa katifa, a jera masa matasai, shi ke nan.

Daga ranar ba shi da sauran aiki. Ya miƙa hannu zai ɗauki buta, jika ya riga shi. Ya yunƙura zai tafi masallaci, babban ɗansa ya ce, "Haba Baba, yi sallarka a nan zaune, Allah ya ga uzurinka." In kuwa Inna ce ta tashi daga jinyar, ta ɗauki tsintsiya, suruka ta karɓe tana cewa, "Inna, so kike a zage mu a gari?" Bayan wata biyu sai a ga mutumin da ya fito daga asibiti da ƙafarsa ba ya iya zuwa bayi sai an riƙe shi. A ce ciwon ne ya dawo. Sau da yawa kwanciyar ce.

Likitocin Turai da Amurka ma sun daɗe a kan wannan hanya. A da, wanda ya samu bugun zuciya sai ya yi mako shida a gado. A 1952 wasu likitoci biyu a Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka nuna cewa zaunar da majinyaci a kujera ya fi masa alheri. A 1966 kuma, a birnin Dallas, aka kwantar da samari biyar lafiyayyu 'yan shekara 20 har mako uku. Da aka sake auna su bayan shekara 30, sai aka ga makonni ukun nan sun fi shekaru talatin ɗin rage ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu. Samari ke nan. To ina ga ɗan shekara saba'in?

Duk mai noman rani a bakin kogin Wudil ya san injin ban ruwa. Ya lalace, ka kai wa makaniki, ya gyara, ka biya kuɗi masu ciwo. In don tausayinsa ka lulluɓe shi da buhu ka ajiye a zaure, damina ta wuce a kansa, ranar da ka jawo shi za ka tarar mai ya daskare, tsatsa ta kama, tiyo ya tsage, ka yi ta jan igiya har kafaɗarka ta gaji bai tashi ba. Manomi mai hankali yakan tayar da shi lokaci lokaci, ya bar shi ya ɗan yi aiki, bai ɗora masa gonar gari duka ba, bai kuma bar shi ya kwana da ƙura ba. Zuciya ma ruwa take turawa, sai dai nata ja ne. Wanda ya daɗe kwance naman cinyarsa yana zubewa, jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa ya tafi huhu, majina ta taru a ƙirji, baya ya yi gyambo, ciki ya ɗaure, ga baƙin cikin zaman kaɗaici.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2020, ta ce tsoho yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Wanda ya tashi daga jinya ba da wannan zai fara ba. Ya fara da minti biyar a tsakar gida, ya ƙara kaɗan kaɗan yadda likitansa ya tsara. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne: in yana tafe yana iya amsa gaisuwa ba tare da haki ya tsinke masa magana ba, tafiyar ta yi daidai. Da sanyin safiya ko bayan La'asar, ba da tsakar ranar bazara ba. Ga kuma masallaci sau biyar a yini, inda kowane taku yake da lada. Inna kuwa a bar mata 'yar shararta da tankaɗenta, a raka ta barka da gaisuwar maƙwabta.

Ku 'ya'ya, ku ji da kyau. Kun sayar da akuya da buhunan shinkafa kun biya asibiti, madalla. Amma kuna da ƙafar zuwa kasuwar Wudil kowace Juma'a, kuna da awa guda ta zaman majalisa da latsa waya, a ce an rasa mai minti goma da zai kama hannun mahaifinsa zuwa ƙofar gida? Biyayya ga iyaye ba ta tsaya a kai musu kwanon tuwo ba. Jikinsu amana ne, kuma za a tambaye ku.

Sauran kun sha ji. Kada a bar maganin hawan jini don an ji sauƙi. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, a rage dunƙule da kanwa, taba a bar ta sam. Kafin azumi a tambayi likita. In ana tafiya ƙirji ya ɗaure, ko jiri ya kama shi, ko gumi mai sanyi ya karyo, a zaunar da shi nan take, a nemi abin hawa zuwa asibiti. Haka in ƙafafu suka kumbura ko numfashi ya hana shi kwanciya da dare: a dakatar da tattakin, a koma wurin likita, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.