Kada ka kwashi bayanan Prometheus yana tsaka da aiki

Wani matashi daga Katabu, mai kula da intanet ɗin wasu shaguna a bakin titin Kaduna zuwa Zariya, ya aiko mini da tambaya. Ya ɗora Prometheus a kan wata tsohuwar kwamfuta, tana sa ido kan na'urorinsa dare da rana. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ya kwafi foldar data ya zuba a filas. Yana so ya ji ko hakan ya wadatar.

Ƙanena, bai wadatar ba, kuma ina jiye maka ranar da za ka nemi abin da ke cikin filas ɗin nan.

Prometheus ba ya zama shiru. Sabbin bayanai suna taruwa a ƙwaƙwalwar na'ura da wani kundin wucin gadi mai suna WAL, sai ya dunƙule na kowace awa 2 su zama tubali guda. Can kuma ya haɗe ƙananan tubala ya goge na da. Wanda ya kwafa a wannan hali kamar mai awon gero ne ana zubawa ana ɗiba. Fayil na iya ɓacewa kana tsakiyar kwafarsa, ba kuma za ka sani ba sai ranar da ido ya raina fata.

Ga yadda ake yi. Ka tayar da Prometheus da --web.enable-admin-api, sannan ka aika buƙatar POST zuwa /api/v1/admin/tsdb/snapshot a ƙofa ta 9090. Nan take zai ajiye maka hoton bayanan a foldar snapshots. Ka kulle ƙofar nan ga baƙi, domin ta nan ma ake goge bayanai.

A nan mutane da yawa ke yaudarar kansu. Hoton nan ba kwafi ba ne na gaske, galibinsa sabon suna ne kawai aka laƙa wa fayilolin da ke kan faifai ɗaya. In faifan ya mutu, duka sun tafi. Don haka ka kwashe shi da rsync zuwa wani faifai na daban, ka goge na cikin foldar snapshots don kada ya cinye maka wuri. Faifan na biyu kuma ya kwana a gida, ba a shago ba. Na taɓa ganin tsawar damina ta bi waya ta ƙone kwamfuta da faifan da ke jone da ita, ƙaurin roba ya cika ɗakin.

Kada ka manta da prometheus.yml da fayilolin ƙa'idojinka, ba sa cikin hoton. Kuma in ba ka sauya ba, bayanan kwana 15 kaɗai Prometheus yake riƙewa.

Sau ɗaya a wata, ka tayar da wani Prometheus a laftof ɗinka, ka nuna masa kwafin da --storage.tsdb.path, ka nemi jadawalin makon jiya da idonka.