Kafin ka zagi kamfanin waya, duba cikin gidanka

Sana'ata haɗa intanet da gyaran kwamfuta, tsakanin Nguru da Gashuwa nake yawo, kuma ƙorafin da aka fi kawo mini guda ne: an jona kwamfuta da talabijin a falo, an kunna YouTube za a kalli Izzar So ko tafsiri, sai hoto ya tsaya cak, 'yar da'irar nan ta yi ta juyi. Nan take maigida zai yanke hukunci, wai sabis ne ba kyau, a canza layi. Na ga gidajen da aka tara layuka uku, kuɗin data ya ninka, juyin bai daina ba. Sau da yawa cutar a cikin gida take.

Bidiyo ba a dunƙule yake zuwa ba. Kwamfuta tana ɗebo shi kaɗan-kaɗan ta tara a gaba, kamar mai cika randa ana ɗiba ana sha. In ɗiban ya fi zubawar sauri, dole a tsaya a jira. YouTube da kansa ya ce hoto mai 480p na buƙatar kusan megabit 1.1 a daƙiƙa, 720p na son 2.5, 1080p na son 5, shi kuwa 4K sai 20. To mutum ya sayi ƙatuwar talabijin ya ce sai a 1080p zai kalla, alhali abin da ke shigowa gidan bai kai megabit 2 ba. Ko da ma ya kai, awa ɗaya a 1080p na iya cinye gigabait biyu da ɗoriya, 480p kuwa kusan rabin gigabait. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan lissafi ya zama na kowa.

Gwajin farko da nake yi bai shafi intanet ba sam. Ina kunna fim da ke ajiye a cikin kwamfutar ko a filashi. In shi ma yana sarƙewa, to na'urar ce ta gaji. Yawancin kwamfutocin da ake sayowa na hannu daga Kano tsofaffi ne, in na buɗe su sai in tarar ƙurar hunturu ta yi dunƙule a bakin fanka kamar auduga. Ga kuma zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 a nan. In ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ɗau zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A hure ƙurar, a ɗauke kwamfutar daga kan katifa ko kafet, sau da yawa shi ke nan.

In fim ɗin ajiye ya tafi sumul, sai mu koma kan rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida. A nan aka fi yin ɓarna. A wani gida a Gashuwa na tarar da ita a cikin durowar talabijin, an rufe ta da ƙyalle saboda yara, ta yi zafi har ba ta taɓuwa. Ga ginin bulo, rufin kwano, tagar ƙarfe, duk suna tare sigina. Fito da ita kawai muka yi, muka rataye ta kusa da tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis, gudun ya canza a gabanmu. Kuma kada cikar sandunan sabis a fuskar waya ta ruɗe ka: ƙarfin sigina suke nunawa, ba sa faɗin yawan mutanen da kuke rabon ƙarfen da su. Buɗe fast.com ka ga lamba da idonka.

Ni dai a wurina, kwamfutar da ke zaune wuri ɗaya ba ta da dalilin dogara da Wi-Fi. A sayi kebul a jona ta da rauta kai tsaye. In ba hali, kuma rautar mai zango biyu ce, a sa kwamfutar a kan 5GHz matuƙar ɗaki ɗaya suke, domin shi ya fi sauri amma bango na kashe shi, 2.4GHz ya fi ratsa gini, sai dai ya fi cunkoso.

Sai maganar da ba a so: mutum nawa ne ke da lambar sirrin gidan? Ka ba ƙaninka, ya ba abokinsa, kafin sati matasan majalisar ƙofar gida duk TikTok suke kallo da datarka. Shiga shafin rautar ka ƙirga na'urorin da ke kai, ka canza lambar. Ita ma Windows ɓarauniya ce ta cikin gida, tana sauke sabuntawa a ɓoye. Akwai wurin da za ka gaya mata cewa datar a ƙididdige take, sai ta kama kanta.

Bayan duk wannan ne ake duba waje. Auna gudu bayan sallar asuba, ka sake aunawa bayan isha'i. In da safe yana da kyau, da dare ya faɗi, musamman ranar da ake buga Firimiya, to cunkoso ne a ƙarfen unguwarku, ba abin da mai gyara zai taɓa. Rage hoto zuwa 480p, ko ka sauke shirin cikin dare ka kalla gobe. Wani lokacin kuma abin ya fi ƙarfin kowa: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna a Najeriya suka ji a jikinsu.

Masu hali suna tambayata batun Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Yana magance cunkoson ƙarfen sabis, gaskiya ne, amma yana son wuta tsayayya, wato sola da batir masu kyau, da sarari a sama ba reshen darbejiya a kansa, kuma ruwan sama mai ƙarfi na iya katse shi na ɗan lokaci. Rautarsa ma in aka kulle ta a durowa, juyin nan dai za a ci gaba da kallo, ga kuɗin wata mai tsada.