Yadda A Ke Koya Wa 'Yan Sakandare Noma Da Sana'a A Amurka

Akwai wani kuka da manoma suka daɗe suna yi, watau wai yaro in ya shiga makarantar sakandare, to, gona ta yi hasararsa. Ya kan shekara shida yana karatu, ya fito da takarda a hannu, ya nufi birni neman aikin ofis. In bai samu ba sai ya komo gida, ga shi hannunsa ya manta fartanya, ga shi kuwa bai iya wata sana'a ba. Wannan kuka ba na ƙasar nan kaɗai ba ne. Manoman Amurka sun yi irinsa fiye da shekara ɗari da suka wuce. Dabarar da aka yi a can don maganinsa ita ce darasin wannan mako, gama akwai abin da uba da malami za su tsinta a ciki.

Mafarin Al'amarin

A shekarar 1908 aka buɗe wata makarantar noma a garin Northampton, cikin Jihar Masacusets, aka ba wani malami mai suna Rufus Stimson shugabancinta. Kafin nan, al'adar makarantun noma ita ce su mallaki babbar gona da garken shanu, a riƙa kai yara can suna aiki. Shi Stimson ya riga ya shugabanci wata kolejin noma, ya ga aibin wannan hanya da idonsa. Yara sun fi aikin yawa, kaɗan ne ke riƙe da kayan aiki, saura suna tsaye suna kallo. Sa'an nan kuma gonar ba ta ko ɗaya daga cikinsu ba ce. In shuka ta yi kyau ba su da ko zangarniya, in ta lalace ba wanda zai kwana da yunwa.

Sai ya juya al'amarin. Ya ce kowane yaro ya ɗauki darasi a aji, ya je ya aikata shi a gonar gidansu. Wani ya kama kiwon kaji, wani noman dankali, wani kula da saniyar tatsa. Malami ya riƙa bi gida gida yana duba aikin, yaro kuwa ya rubuta duk abin da ya kashe da duk abin da ya samu. A 1911 aka ɗora Stimson bisa sha'anin koyar da noma na Jihar duka, dabararsa ta yi ta yaɗuwa har waɗansu jihohi suka ɗauka.

Dokar 1917

Ran 23 ga Fabrairu, 1917, Shugaban Amurka Woodrow Wilson ya sa hannu a wata doka da a ke kira da sunan 'yan majalisa biyu da suka kawo ta, Hoke Smith da Dudley Hughes, dukansu mutanen Jihar Jojiya. A zamanin nan kusan mutum 3 cikin kowane 10 na Amurka a gona su ke zaune. Dokar ta ce Gwamnatin Tarayya za ta ba jihohi kuɗi don koya wa yaran da suka haura shekara 14 fanni uku, a makarantun da ba su kai koleji ba. Fannonin su ne noma, da sana'o'in hannu irin su kafinta da gini da aikin ƙarfe, da kuma kula da gida, watau girki da ɗinki da reno.

Amma ba a ba da kuɗin haka kawai ba, sai da sharuɗɗa. Na fari, kowace dala ɗaya da Tarayya ta bayar, tilas jiha ko gari su kawo dala ɗaya tasu. Kuɗin Tarayya na albashin malamai ne da horar da su, gini da kayan aiki kuwa wuyan mutanen wurin. Na biyu, mai koyon noma tilas ya yi aikin gona na gaske a ƙarƙashin idon malami, aƙalla wata 6 a shekara, ko a gonar makaranta ko a wata gona. Na uku, mai koyon sana'ar hannu tilas rabin lokacinsa, ko fiye, ya tafi wajen aiki mai amfani da hannunsa.

Mai karatu ya lura da inda aka fara zuba kuɗi. Wajen malami aka fara, domin inji ba ya koya wa yaro kome in babu wanda ya iya tuƙa shi.

Duwatsun Murhu Uku

Har yau koyar da noma a sakandaren Amurka bisa abu uku ya ke tsaye, kamar tukunya bisa murhu. In aka zare dutse ɗaya, tuwo ya kife.

Dutse na fari shi ne aji da ɗakin aiki. A nan yaro ke koyon halin ƙasa, da taki, da zaɓen iri, da cututtukan shuka da na dabbobi, da walda, da gyaran inji, da lissafin riba da faɗuwa.

Na biyu shi ne aikin yaro na kansa, watau dabarar Stimson. Ɗan manomi ya kan yi nasa a gida. Ɗan birni wanda ba su da gona ya kan kama aiki wurin likitan dabbobi, ko kantin iri da taki, ko lambun furanni, ko kuwa ya yi wani ɗan gwaji ya rubuta abin da ya gani. Ko wanne ya zaɓa, tilas ya riƙe littafin lissafi, malami kuma ya zo ya gani. Saboda haka a wurare da yawa a kan ƙara wa malamin noma kwanakin aiki cikin dogon hutu, gama lokacin nan ne shuka ke tsaye a gona.

Na uku shi ne ƙungiya. A 1928 ɗalibai 33 daga jihohi 18 suka taru a birnin Kansas, suka kafa Ƙungiyar Manoman Gobe ta Amurka, wadda aka fi sani da FFA. A cikinta yara ke koyon yadda a ke gudanar da taro, da yadda mutum zai tsaya gaban jama'a ya yi magana. Su kan yi gasar gane dabba mai kyau da ƙasa mai kyau. Ranar nunin amfanin gona na gunduma, yaro ya kan jawo ɗan maraƙi ko ɗan ragon da ya kiwata, alƙalai su duba, sa'an nan a yi gwanjonsa, kuɗin su shiga aljihunsa.

Aibin Da Aka Gani

Kada a ɗauka abin ya tafi sumul. A jihohin kudu, inda a da aka raba makarantun Turawa da na baƙar fata, sai da yara baƙaƙe suka kafa tasu ƙungiyar dabam a 1935, ba a haɗa su ba sai 1965. 'Yan mata kuwa ba a karɓe su cikin ƙungiyar ƙasa ba sai 1969.

Akwai kuma wani aibi da ya fi wannan ɓoyuwa. Makarantu da yawa suka mai da ajin sana'a wurin jibge 'ya'yan talakawa da yaran da a ke gani ba su da ƙoƙari, a rage musu lissafi da karatu, har hanyar koleji ta toshe musu. Iyaye suka gane, suka riƙa ƙin abin. Don gyaran waɗannan aka yi ta sake doka. Ta 1963 ta faɗaɗa ma'anar noma, ya haɗa da ayyukan da ke kewaye da gona. A 1984 aka yi wadda ke ɗauke da sunan ɗan majalisa Carl Perkins. Da aka sabunta ta a 1990, sai aka ce lalle a gwama sana'a da karatun littafi, kada a raba su. An sake sabunta ta a 2006 da 2018, kuma ta hanyarta Tarayya na ba da fiye da dala biliyan ɗaya kowace shekara. Fannonin ma sun ƙaru, har da jinya, da lantarki, da gyaran mota, da aikin kwamfuta.

Ga wani abin mamaki. Yanzu masu aikin gona a Amurka ba su kai mutum 2 cikin 100 na ma'aikata ba, amma a 2024 'yan ƙungiyar nan ta FFA sun haura miliyan ɗaya. Dalili kuwa shi ne, bayan kowane manomi akwai mai sayar masa da iri, da mai gyara masa tarakta, da mai duba masa dabba, da mai saye da sarrafa abin da ya noma. Duk waɗannan sai sun san gona.

Abin Da Ya Shafi Ƙasar Nan

To, ina ruwan manomin Nijeriya da wannan labari? Ruwansa shi ne, nan ma an daɗe ana ƙoƙarin abu ɗaya. A 1982 aka fara tsarin karatu na 6-3-3-4, aka sa noma da sana'o'in hannu a ƙaramar sakandare. Aka sayo injuna daga ƙasashen waje, amma a makarantu da yawa suka tsufa cikin akwatunansu, don ba ɗakin aiki, ba wuta, ba malamin da ya iya su. Da ma ba a fafe gora ranar tafiya. A 2011 aka ce kowane ɗan babbar sakandare ya zaɓi sana'a ɗaya cikin 34. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage su zuwa 6, cikinsu akwai kiwo, da noman lambu da amfanin gona, da haɗa wutar hasken rana.

Ashe ke nan doka ba ta yi ƙaranci ba. Dutse na biyu ne babu a murhun. Makaranta na iya samun gona, amma yaro ɗari ne kan kunya goma. Mafi muni, a waɗansu wurare wanda ya yi latti ko laifi shi a ke tura wa noma, har yaro ya tashi da sanin cewa fartanya bulala ce.

Alhali kuwa abin da Stimson ya gano, Bahaushe ya riga ya san shi tun kaka da kakanni. Sunansa gayauna. Ɗa ya yi aikin gandu tare da uba, in an tashi ya wuce 'yar gonarsa, abin da ya samu a can nasa ne. Abu biyu kawai Amurkawa suka ƙara a kai, littafin lissafi da ziyarar malami.

Yadda Za A Yi

1. Uba ya yanka wa ɗansa ɗan sakandare gayauna daidai ƙarfinsa, wadda zai iya nomewa da yamma da ranakun hutu. Kada ta zama fako ko gefen da kowa ya ƙi. 'Ya mace ma a ba ta nata, ko kaji, ko akuya, ko ɗan lambu a bayan gida.

2. A saya masa littafi, ya ja layi huɗu: rana, aikin da aka yi, abin da aka kashe, abin da aka samu. Ya rubuta har da abin da bai biya ba, kamar takin gida da irin da aka ɗebo daga rumbu da kwanakin aikinsa, ya yi musu kuɗi bisa farashin kasuwa. A misali, in ya sami buhu 6, aka ga abin da ya kashe ya kai kuɗin buhu 4, to, ribarsa buhu 2 ce, ba 6 ba. Manoma da yawa sun tsufa ba su taɓa yin wannan lissafi ba.

3. Ya raba gayaunar biyu. Rabi ya bi yadda uba ke yi, rabi yadda malami ya koyar. In masara ce, sai a bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, watau ƙafa biyu da rabi, da santimita 25 tsakanin tushe da tushe, tsiro ɗaya a rami. Abu ɗaya kaɗai za a sake a shekara, ko tazara, ko iri, ko taki. In aka sake uku gaba ɗaya, ba a san wanda ya kawo bambanci ba. Da kaka a auna kowane gefe dabam. Gani ya kori ji.

4. Malamin noma ya ziyarci kowace gayauna aƙalla sau uku: bayan tsiro, da lokacin sa taki, da gab da girbi. In yara sun yi masa yawa, ya haɗa 'yan unguwa ɗaya su riƙa zagayawa tare, kowa ya yi bayanin tasa a gaban 'yan'uwansa. Ƙungiyar matasan manoma ke nan ta kafu, ba da kuɗi ba.

5. Akawu wanda ba shi da gona yana da bayan gida. Kajin nama su kan isa sayarwa cikin mako 6 zuwa 8, rago kuwa a kan turke shi kamar wata 3 kafin Babbar Salla. Shi da ya san aikin littafi, ya zauna da yaro ƙarshen kowane wata su duba lissafin. Ɗan kasuwa kuma ya sayi kayan yaro bisa farashin ranar, kada ya ƙara don tausayi, kada ya rage don ƙuruciya.

6. Ribar ta yaro ce. Wannan shi ne mafi wuya ga uba, shi ne kuma ginshiƙin abin duka. In aka zuba buhunansa cikin rumbun gida ba da shawararsa ba, baɗi ba zai duƙa da zuciya ɗaya ba. Hakanan in ya faɗi, kada a yi masa dariya, kada kuma a ɓoye masa. A buɗe littafi tare, a nemo inda kuɗin suka zurare.

Kada kuwa wani ya ce tun da yaro ya kama gayauna sai ya saki karatu. Wannan shi ne ramin da Amurkawa suka faɗa, suka daɗe kafin su fita. Wanda bai iya lissafi ba, ba zai auna taki daidai ba, wanda bai iya karatu ba kuma ba zai gane rubutun jikin kwalbar maganin feshi ba. Yaron da ya haɗa biyun, in ya sami koleji ya tafi da sanin aiki, in bai samu ba yana da abin yi.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Saboda haka tun ana sharar gona ya kamata uba ya kira ɗansa, su auna gayaunar, su sayi littafin, su kuma gaya wa malamin makaranta, don ruwan shuka ya tarar da kome a shirye.