Darasin Wannan Wata: Karkashin Ƙorama Ba Na Miya Ba Ne

Akwai wata ciyawa da ke fitowa a fadama da bakin tafki, musamman inda ruwa ya fara janyewa. Sunanta karkashin ƙorama, wasu kuma su ce kalkashin ƙorama. Sunan yana ruɗin mutane. Ba danginsu ɗaya da karkashin da ake miya da shi ba, kuma tana ɗauke da dafi mai lalata hanta.

Danginta suna da yawa a duniya. A ƙasashen Turai tana da wata 'yar'uwa mai ƙananan furanni shuɗɗa, wadda ma'anar sunanta ita ce "kada ka manta da ni". Su can ado suke yi da tasu. Manomi a nan kuwa, gane tasa shi ne abin da ya dame shi.

Furen ne ya fi saurin tona ta. Yana fitowa a kan wani dogon zangarniya siriri, wanda ƙarshensa ya lanƙwashe kamar wutsiyar kunama. Duk furannin suna jere a gefe ɗaya na zangarniyar, sahu biyu. Kowane fure ɗan mitsitsi ne, mai kunnuwa 5. Launinsa shuɗi-shuɗi ne ko fari, tsakiyarsa rawaya. Na ƙasa ne ke fara buɗewa. Saboda haka a zangarniya ɗaya ana iya ganin 'ya'ya a gindi, fure a tsakiya, can ƙarshe kuma wanda bai buɗe ba. Wanda ya ga wannan wutsiya sau ɗaya ba zai sāke ɓata ta ba.

Idan ba ta yi fure ba fa? Sai a duba ganye. Ganyen yana da fāɗi, ya yamutse kamar fatar tsoho, ga kaushi. Jikinta duk gashi ne. In an murza ganyen, warinsa babu daɗi. Tsawonta yakan kai gwiwa, a wuri mai dausayi ma ta wuce.

Karkashin miya daban yake. Furensa babba ne, mai siffar kakaki, yana fitowa ɗai-ɗai a hammatar ganye. Ganyensa kuwa in an murza shi da ruwa sai ya yi yauƙi. Yara da ake aikawa tsinko ganye su ne ya kamata a fara nuna wa wannan bambanci, a gona, da ciyawar a hannu.

Dafin ba ya nuna kansa nan take, nan ne haɗarin yake. Yana cin hanta sannu a hankali, sai bayan makonni ko watanni a ga rama da kumburin ciki. A shekarar 1974, bayan fari, 'ya'yan wata 'yar'uwar wannan ciyawa sun gauraya da alkama a gundumar Gulran ta ƙasar Afganistan. Aka niƙa, aka yi gurasa, aka yi ta ci. Dubban mutane suka kamu, da yawa suka rasu. Cutar ta sāke ɓulla a can a 2008.

Dabbobi ba su cika cinta ɗanya ba in akwai wata ciyawar. Amma bushewa ba ta kashe dafin, kuma in ta shiga cikin harawa ba sa iya ware ta. Shanu da dawaki sun fi tumaki da awaki jin jiki.

Wasu suna dafa ganyen su sha don magani. Wannan ganganci ne, balle a ba jariri ko mai ciki. Wanda ya daɗe yana sha, ya je asibiti ya gaya wa likita. A gona kuwa, a tumɓuke ta tun ba ta yi 'ya'ya ba, a tara ta nesa da masussuka da turken dabbobi, a ƙone.